Neman kalma: "power steering" da "idle" a shirin direbobi

Mai_Shiri: Assalamu alaikum. Ranar Asabar za mu ɗauki shirin direbobi a rediyo, kan motar da sitiyarinta ke nauyi idan tana tsaye inji na aiki, amma da an taka totur sai ya saki. Kalma biyu sun tsaya min a wuya: power steering da idle. Alhamis zan miƙa rubutun.

Ogan_Kofar_Ruwa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Idle ai silo ne, ko yaron gareji ya san shi. Ɗayan kuma ki ce "sitiyarin mai", tunda famfo ne ke tura mai ya taimaki hannu. Bel ke juya famfon. A silo inji na juyi 700 zuwa 800 ne a minti, to famfon da cikinsa ya cinye ba ya iya tara ƙarfi a wannan gudun. Gwajin farko: a ba motar wuta zuwa juyi 1,500 ko 2,000 a murza sitiyarin. In ya yi laushi, laifin na mai, bel ko famfo. In bai canza ba, a duba iskar tayoyin gaba, rak (ƙarfe mai haƙora da ke karkata tayoyin gaba), da gaɓar sandar sitiyari.

Dan_Panteka: Mu dai "fawa" muke cewa. Sitiyarin fawa.

Mai_Shiri: A rediyo? Sai mahauta su ɗauka da su ake.

Malam_Nahawu: Sitiyari, silo, totur, famfo, bel. Ina Hausar a nan? Muna da akala, wadda ake jan raƙumi da ita. Ku ce "akala mai ɗauki". Idle kuma "numfashin inji", don yana raye amma ba ya tafiya. Kuma "sitiyarin mai" a rubuce kamar an yanke magana ne: sitiyarin mai me?

Ogan_Kofar_Ruwa: Malam, a baki ai karin sautin ya raba su, kuma shirin na kunne ne. Direba ya shigo gareji ya ce akalarsa ta yi nauyi, kowa zai leƙa waje neman raƙumin.

Malam_Nahawu: Haka aka yi wa "na'ura mai ƙwaƙwalwa" dariya, ga ta nan a bakin 'yan jarida. Raina namu ne ke kashe mu.

Direban_Damagaram: Kashe wa? Mu a nan ralanti muke cewa, silonku baƙo ne a kunnenmu. Kullum Kano ta yanke, sauran mu bi.

Dan_Panteka: Ita kanta "mota" daga wace rijiyar kakanni aka ɗebo ta?

Injiniya_B: A bar raƙumin tukuna, akwai abin da ya fi sunan muhimmanci ga mai sauraro. A buɗe murfin robar man sitiyari, inji na silo. In man ya yi kumfa kuma famfo na kuka, iska yake sha ta tiyon da ke kawo masa mai. Honda Accord ta 2003 zuwa 2007 ta yi suna a wannan: 'yar zoben roba ce a bakin famfon ke bushewa, ba ta yoyo a gani, amma tana shigar da iska, musamman da sanyin safiya. Mutane na canza famfo gaba ɗaya a banza. Kuma Honda man sitiyarinta daban ne, kada a zuba mata man giya irin Dexron da tsofaffin Toyota ke sha. Ƙara mai kaifi lokacin murzawa kuwa bel ne ke santsi. Akwai kuma rariya a gindin robar man, in dauɗa ta toshe ta famfo zai yi ta yunwa. Fitar da iska: a ɗaga gaba da jak, inji a kashe, a murza daga ƙurewa zuwa ƙurewa kamar sau 20 ana ƙara mai. In an tayar, kada a riƙe shi a ƙurewa fiye da daƙiƙa 5, mai zai yi zafi. Idan kuma inji na neman mutuwa da an murza, a duba suwic ɗin da ke gaya wa kwamfuta ta ɗaga silo.

Sai dai Oga, "sitiyarin mai" ba zai rufe duka ba. Corolla daga 2009 na lantarki ne, babu famfo babu mai. Can in ya yi nauyi a silo, batir da caji ake fara aunawa.

Ogan_Kofar_Ruwa: Wannan gaskiya ne. To a samo babbar riga da za ta shige su biyun.

Mai_Shiri: "Sitiyari mai tallafi" fa? Sai in raba: na mai, da na lantarki.

Malam_Nahawu: Tallafi ya lalace a bakin 'yan siyasa, za a zaci rabawa ake. Ɗauki ya fi.

Injiniya_B: Ɗauki na gaggawa ne, a kawo a tafi. Wannan kullum yana aiki. Tallafin ya fi dacewa.

Mai_Shiri: Na ɗauki tallafi. Silo zan bar shi, amma karon farko zan ce "wato inji na aiki ba a taka totur ba", in ambaci ralanti don mutanen Nijar. Malam, a yi haƙuri da akalar.

Malam_Nahawu: Rabin sunan dai Hausa ne, ba laifi. Numfashin inji kuwa ban janye ba.

Dan_Panteka: A gareji dai fawa za a ci gaba da cewa.