Tsofaffin mawaƙan pop da rock a kunnen yaran yanzu: me kuka gani da idonku?

Mai buɗe zance:
Assalamu alaikum. A shekarar 2022, waƙar Kate Bush mai suna Running Up That Hill, wadda ta fito tun 1985, ta hau matsayi na ɗaya a jadawalin waƙoƙin da suka fi tashe a Birtaniya bayan an saka ta cikin shirin Stranger Things, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka ɗaga ta ba a ma haife su ba lokacin da aka rera ta. Duk wanda ya taɓa kunna wa matashi waƙar wani tsohon mawaƙi da bai sani ba, ina roƙonsa ya ba mu labarin wanda ya karɓu da wanda aka ce a kashe.

Mai tura waƙoƙi, Kano:
Wa'alaikumus salam. Sana'ata ita ce tura waƙoƙi da finafinai a waya, kuma a cikin tsofaffin mawaƙan ƙetare babu wanda samari ke nema da bakinsu kamar Michael Jackson, har da waɗanda ake goyonsu lokacin da ya rasu a 2009. Galibinsu ba su san sunan waƙarsa Billie Jean ba, sai su ce in tura musu ta mai tafiya da baya. Abin da na lura shi ne, ganga da jita mai kaurin amo da ke buɗe waƙar su ne ke kama yaro tun kafin a furta kalma ɗaya, saboda haka rashin jin Turanci ba ya hana shi gyaɗa kai. Na taɓa ƙara wa wani yaro waƙoƙin Beatles kyauta, ya dawo ya ce in goge su domin suna cinye masa wuri.

Dattijo mai tara faifai:
Malam mai tura waƙoƙi, a yi wa Beatles adalci. Ƙungiyar ta watse tun 1970, amma a watan Nuwamba na 2023 ta sake hawa matsayi na ɗaya a Birtaniya da waƙar Now and Then, wadda aka tace muryar marigayi John Lennon daga wani tsohon kaset da taimakon kwamfuta aka haɗa ta. Sai dai a gidana ma abin da ka faɗa ne ya faru. Jikokina sun saurare su cikin ladabi irin na yaron da ke jiran a sallame shi, amma da na sanya We Will Rock You ta ƙungiyar Queen, wadda kusan duk kiɗanta buga ƙafa ne da tafi, kafin a kai amshi na biyu sun riga sun kama. Daga nan na nuna musu wasan da Freddie Mercury, mawaƙin ƙungiyar Queen, ya yi a filin Wembley a 1985, a taron Live Aid da aka shirya domin tallafa wa masu fama da yunwa a Habasha, suka ga mutum ɗaya yana ba dubban jama'a waƙa suna amsawa. Da na ce musu a Zanzibar aka haife shi a 1946, sai da suka duba a waya kafin su yarda.

Wata uwa a Landan:
Baba, ni ba ni na kunna ba, ni aka kunna wa. 'Yata ce ta zo tana nuna mini wata waƙa da take zaton sabuwa ce, ashe Dreams ce ta ƙungiyar Fleetwood Mac, daga faifansu na 1977, wadda ta dawo yayi a 2020 saboda wani ɗan gajeren bidiyo a TikTok. Na lura yaran nan ba su damu da shekarar da waƙa ta fito ba, domin a waya tsohuwa da sabuwa a jere suke zuwa musu.

Ɗan Agadas:
Hajiya, a wajenmu lamarin ya bi wata hanya dabam, domin a nan jita ba baƙuwa ba ce, da ita ake bikin aure. Bombino, makaɗin jita ɗan yankin nan, ya koyi abubuwa da dama daga kallon bidiyon Jimi Hendrix da Mark Knopfler na ƙungiyar Dire Straits a lokacin da yake gudun hijira a Aljeriya da Libiya. Makaɗin jita Mdou Moctar kuwa, wanda kamar Hendrix bahago ne, shi ne jarumin fim ɗin da aka ɗauka a Agadas cikin harshen Tamashek, ya fito a 2015, aka gina labarinsa a kan fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. Ɗan ƙanena yana koyon jita, kuma ranar da na kunna masa Sultans of Swing, waƙar Dire Straits ta 1978, bai tambayi abin da ake faɗa ba ko sau ɗaya. Ya yi ta maido da ƙarshen waƙar, inda murya ta yi shiru aka bar jita ita kaɗai, yana neman gane yadda ake fitar da wannan tsaftataccen amo. Da na gaya masa Knopfler da yatsunsa yake kaɗa tsirkiya, ba da ɗan roba ba, sai ya ce ai shi ya sa ya ji kamar na gida ne. A ganina, muddin ana haifar yaran da ke sha'awar jita a ƙasar Ayar, wato yankinmu na Agadas, Hendrix da Knopfler ba za su rasa masu saurare ba, ko da an manta da mawaƙan da suka fi su sayar da faifai.

Mai tura waƙoƙi, Kano:
Malam na Agadas, Knopfler zan iya gwadawa, amma Hendrix na riga na gwada shi a lasifikar shagona, kuma maƙwabcina mai gyaran waya ya leƙo yana tambaya ko lasifikar ce ta fashe.