Tambaya a kan tsibirin Fantelleriya: ƙasar Italiya mai sunayen Larabawa

Malamin Jogarafi, Tudun Wada, Gombe

Assalamu alaikum. Ina koyar da ilimin ƙasa a wata makarantar sakandare a nan Gombe, kuma a wannan zango muna kan darasin yadda mutane ke zama a wuraren da ruwa ya yi ƙaranci. Ina cikin duba taswirar Bahar Rum sai idona ya faɗa kan wani ɗan tsibiri da ke tsakanin Sisili da Tunisiya, wanda Italiyawa ke rubutawa Pantelleria, kuma da na faɗaɗa taswirar sai na ga ƙauyukansa suna ɗauke da sunaye irin su Gadir da Khamma da Bukkuram, waɗanda ko kaɗan ba su yi mini kama da Italiyanci ba. Abin da nake so masana su fayyace mini shi ne, a ƙarƙashin wace ƙasa yake, ta yaya waɗannan sunaye suka zo, kuma da me mutanensa ke rayuwa tunda ban ga alamar kogi ko ɗaya a cikinsa ba? Idan akwai wanda ya taɓa zuwa da ƙafarsa, zan so in ji ko wuri ne da ya cancanci mutum ya kashe kuɗinsa ya gani.

Ɗan Yelwa, Bauchi

Wa alaikumus salam, Malam. Ni fannina nazarin duwatsu ne, don haka zan tsaya a kan ƙasar kanta, in bar tarihi ga masu shi.

Tsibirin na Italiya ne, kuma shi kaɗansa ƙaramar hukuma ce guda a ƙarƙashin lardin Trapani na yankin Sisili, da mazauna da ba su kai 8,000 ba. Faɗinsa kimanin murabba'in kilomita 83 ne. Abin da ke rikita mai kallon taswira shi ne ya fi kusa da Afirka a kan Turai, domin tsakaninsa da Sisili akwai kusan kilomita 100, alhali tsakaninsa da gaɓar Tunisiya abin bai wuce 60 zuwa 70 ba, wato bai kai rabin tafiyar Gombe zuwa Bauchi ba. A ranar da sararin sama ya washe ana hango ƙasar Tunisiya daga can.

Asalinsa dutse ne mai aman wuta da ya taso daga ƙarƙashin teku, a daidai inda ɓawon ƙasa ke tsagewa tsakanin Sisili da Afirka, kuma ƙololuwarsa, wadda suke kira Montagna Grande, tsayinta mita 836 ne. Aman wuta na ƙarshe da aka shaida ya faru ne a 1891, a cikin teku daura da arewa maso yammacin tsibirin. Har yau wutar ba ta mutu ba, domin akwai wuraren da tururi ke fita daga tsagar duwatsu, akwai kuma maɓuɓɓugan ruwan zafi a bakin teku da cikin wani tafki da ke kwance a tsohon ramin dutsen. Mu masu nazarin duwatsu ma muna da wani nau'in dutse da aka raɗa wa sunan wannan tsibiri, saboda a can aka fara bayyana shi.

Batun ruwa kuwa, a nan ne darasinka yake, Malam. Ƙasar da aman wuta ya samar tana shanye ruwa kamar rairayi, shi ya sa babu kogi, kuma abin da ke ɓuɓɓugowa daga ƙasa galibi mai zafi ne mai gishiri. Ruwan saman da suke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 ba, kuma yana sauka ne a lokacin sanyi, saɓanin namu, ta yadda lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa shi ne lokacin da babu ko ɗigo. Ga kuma iska da ke kaɗawa kusan kullum, wani lokaci daga arewa maso yamma, wani lokaci mai zafi daga Sahara. Dabarar da suka yi ita ce suka mayar da rufin ɗaki ya zama matarar ruwa. Gidansu na gargajiya, wanda ake kira dammuso, ana gina shi ne da baƙin dutse, bango mai kauri ƙwarai, a yi masa rufi mai tulluwa a shafe da farar ƙasa, sai a kewaye gefen rufin da ɗan tudu domin duk ruwan da ya sauka ya bi hanya guda ya gangara cikin rijiyar ajiya da aka haƙa a ƙasa. Duk wanda ya san soro mai ɗaurin guga a tsofaffin unguwannin Bauchi zai gane siffar nan take, bambancin kawai shi ne namu indararon yana zubar da ruwan ne a lungu, nasu kuwa yana kai shi ma'ajiya. A yau suna da injinan tace ruwan teku, amma tsofaffin rijiyoyin suna nan.

Almajirin Tarihi, Bajoga

Allah ya saka wa Injiniya Ɗan Yelwa da alheri. Bari in ɗora daga inda ya tsaya, a kan batun sunaye.

Mutane sun daɗe a wannan tsibiri tun kafin a san rubutu, saboda yana da wani baƙin dutse mai ƙyalli kamar gilashi da mutanen farko ke fasawa su yi wuƙaƙe, kuma an samu irinsa a Sisili da Tunisiya, abin da ke nuna tun a lokacin ana fataucinsa ta teku. A wani wuri da ake kira Mursia akwai kufan ƙauye da manyan kaburbura na jibgin duwatsu, waɗanda ake ce wa sesi, da suka haura shekara 3,000. Daga baya mutanen Kartaj, wani tsohon birni a Tunisiya ta yau, suka riƙe shi, sannan Rumawa suka ƙwace shi dindindin a shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, suna kiransa Kosira. Daga wannan suna ne Larabawa suka samo nasu, wato Ƙausara, kuma da shi za ka same shi a littattafan tarihinsu.

Rundunonin Musulmi sun fara taɓa shi tun wajen shekara ta 700, amma zaman da ya bar tasiri ya zo ne a ƙarni na 9, zamanin daular Banu Aglab ta birnin Ƙairawan da ke Tunisiya. A 827 ne suka tura rundunar da ta fara buɗe Sisili, kuma abin da ya kamata ɗalibanmu su sani shi ne jagoran wannan runduna alƙali ne, Asad bin Furat, wanda ya yi karatu a wajen Imamu Malik a Madina. Ke nan mazhabar da muke bi a Gombe da Bauchi ita ce aka ƙetara teku da ita ta wannan mashigi. A 1123 Normandawa, wato Turawa Kiristoci da ke mulkin Sisili a zamanin Roger na Biyu, suka karɓe tsibirin, amma Musulmi ba su tashi nan take ba, har ma a ƙarni na 13 an yi yarjejeniya tsakanin Sarkin Sisili Frederick na Biyu da mai mulkin Tunis a kan raba harajin tsibirin gida biyu. Sannu a hankali addinin ya ɓace daga wurin, yau mutanensa Kiristoci ne mabiya Katolika, amma harshen ya fi addinin daɗewa, domin sun ci gaba da magana da wani karin Larabci mai kama da na Malta har ƙarnoni bayan haka kafin karin Sisili ya rinjaye shi.

To, sunayen da ka gani ragowar wannan harshe ne. Gadir daga gadir ne na Larabci, wato kududdufi ko tafki, Khamma kuma daga hamma, maɓuɓɓugar ruwan zafi, sannan akwai dutsen da suke kira Gibele, wanda duk ɗan makarantar Islamiyya zai ji jabal a cikinsa. Wanda ya fi burge ni shi ne sunan inabinsu, zibibbo, domin kalma ɗaya ce da zabibi da muke saya a kasuwa lokacin azumi, su da mu duka daga zabib na Larabci muka aro.

Akwai magana da ta yaɗu cewa sunan tsibirin kansa daga Bintur Riyah ne, wato 'yar iska mai kaɗawa. Magana ce mai daɗi a kunne, kuma masu tallar yawon buɗe ido suna son ta, amma ni ban gamsu da ita ba, tunda Larabawan da kansu Ƙausara suka rubuta, kuma masana da dama suna mayar da sunan ne ga Girkancin zamanin Rumawan Gabas. Ina ba da shawara kada a koya wa yara ita a matsayin tabbas.

Maman Khadija, Federal Low Cost, Gombe

Malam, ni na je, shekarun baya, lokacin da maigidana ke wani kwas a Palermo, muka yi kwana huɗu a can cikin watan Satumba. Zan faɗi abin da na gani, tare da girmamawa ga malaman da suka riga ni.

Ana zuwa ta jirgin sama daga Palermo ko Trapani cikin ƙasa da awa guda, ko ta babban jirgin ruwa daga Trapani wanda ke ɗaukar wajen awa shida zuwa bakwai. Mu na ruwa muka bi, kuma a ranar dawowa iska ta hana jirgin tashi sai da muka ƙara kwana, don haka duk mai zuwa ya bar rata a lissafinsa. Kallon farko bai burge ni ba ko kaɗan, domin babban garin da ke bakin tashar gine-ginen siminti ne marasa fasali, sai daga baya mai masaukinmu ya bayyana mana cewa Musolini, tsohon shugaban Italiya, ya mayar da tsibirin sansanin soja, shi ya sa a Yaƙin Duniya na Biyu jiragen Ingila da Amurka suka yi makonni suna yi masa ruwan bama-bamai har sojojin da ke ciki suka miƙa wuya ranar 11 ga Yuni, 1943, garin kuwa ya zama kufai aka sake gina shi cikin gaggawa.

Sai mutum ya fita bayan gari sannan zai ga abin da ya kawo shi. Wanda ke neman bakin teku mai yashi ya nemi wani wuri, domin gaɓar duk baƙin dutse ce mai kaifi, kuma abin da na lura shi ne mutanen nan, duk da teku ta kewaye su, manoma ne fiye da masunta. Kowane gangare an yanka shi hawa-hawa an tokare da jeren duwatsu ba tare da siminti ba, abin da ya tuna mini da gonakin Tula a ƙasar Kaltungo. Inabin ba a ɗora shi a kan rumfa, a cikin ɗan rami ake shuka kowane gindi, a datse shi ya zauna ƙasa-ƙasa kamar kurmin yakuwa, ta yadda iska za ta wuce ta samansa, raɓar dare kuma ta taru a ramin. Wannan salon noma ne hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a 2014. Itacen zaitun ma haka suke yi masa, su danne rassansa su bi ƙasa, har na ga wanda bai kai ƙuguna ba amma ya shimfiɗu ya fi faɗin tabarma goma. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wani zagayayyen gini na dutse, ya fi tsayin mutum biyu, babu rufi, da muka leƙa ta ƙaramar ƙofa sai muka tarar da itacen lemo ƙwaya ɗaya tak a ciki. Wai duk wannan aiki domin a kare itace guda daga iska a kuma tara masa laima.

Mun je tafkin da Injiniya ya ambata, wanda suke kira Specchio di Venere, inda mutane ke shafa taɓo a jiki su shanya. Wanda ya saba da ruwan Wikki na Yankari, mai ɗumi daidai jiki, ya yi hattara, domin a bakin wasu maɓuɓɓugan can ruwan ya fi na Wikki zafi nesa ba kusa ba. Ga Musulmi kuma, abin lura shi ne yawancin inabin nan giya mai zaƙi ake yi da shi, kuma ita ce abin da ake fara miƙa wa baƙo, sai mutum ya ce a'a cikin ladabi. Abinci bai ba mu wahala ba, tunda akwai kuskus da kifi, da kwaɗon dankali da tumatir da ake zuba wa kapperi, wani ƙunshin fure ne da suke tsinka da hannu kafin ya buɗe su adana a gishiri. Tsada kam akwai ta, musamman a watan Agusta da attajiran Italiya ke cika wurin.

Ɗan Yelwa, Bauchi

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa, amma zan ɗan ja da batun zuwa. Malamin makaranta da zai nemi bizar shiga Turai ta Shengen, ya biya jirgi zuwa Roma ko Milan, ya sake biyan wani zuwa Sisili, sannan na uku zuwa tsibirin, a wannan farashi na yuro, gara ya ɗauki ɗalibansa a mota ya kai su Tula su ga jeren duwatsu da idonsu, sannan ya nuna musu hotunan Fantelleriya su kwatanta. Ƙari ɗaya ga darasin, a 2016 gobara ta cinye wani babban yanki na dajin da ke kan dutsen, kuma a cikin shekarar ne gwamnatin Italiya ta ayyana mafi yawan tsibirin a matsayin gandun daji na ƙasa.

Malamin Jogarafi, Tudun Wada, Gombe

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara sani. Na cire Bintur Riyah daga takardar da na fara shiryawa, kamar yadda Malam na Bajoga ya ba da shawara. Na kuma yanke shawarar ba ɗalibai aikin gida, kowa ya auna tsawo da faɗin rufin kwanon gidansu, mu lissafa a aji lita nawa ke zuba daga kansa a damina guda, tunda yawancinsu 'yan unguwannin da ake sayen ruwa a wajen 'yan garuwa ne. Hajiya, idan hoton ginin nan mai itacen lemo yana nan a wajenki, don Allah ki sanya mana shi a nan kafin ranar Litinin.