Manhajar da ta yi kyau a ofis amma ta gagara a kasuwar ƙauye

Malam Auwalu, Ringim:
Assalamu alaikum. Masu tsara manhaja da masu aiki da ita a karkara, ku zo mu haɗa abin da kowa ya gani game da fuskar manhaja, wato abin da mutum ke kallo yana dannawa. Wane ado ne ke hana aiki? Zan fara da launi. Rubutu mai ruwan toka a kan fari yana da kyau a cikin ɗaki, amma a fito da wayar tsakar rana a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, sai ya ɓace ɓat. Ƙa'idar WCAG, wato dokokin duniya na sauƙaƙa wa kowa amfani da shafukan intanet, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bayansa kada ya gaza 4.5 bisa 1 ga ƙananan haruffa, 3 bisa 1 ga manya. Wannan fa mafi ƙaranci ne. A nan mutane na rage hasken waya don caji ya kai dare, ga ƙura a gilashi, don haka gara a nufi 7 bisa 1.

Hajiya Binta, Gumel:
Wa alaikumus salam, Malam. Ta fannin POS da tura kuɗi, wuri uku ne ake yin ɓarna. Na farko maɓalli. A jera "Tura" da "Fasa" kafaɗa da kafaɗa, ƙanana, launi ɗaya, wai don su yi tsaf. Babban yatsan manomi kuwa ba ya tantance su, balle idan gilashin ya tsage. Google ya ce abin dannawa kada ya gaza 48dp (dp ma'aunin girma ne a fuskar wayar Android) tsawo da faɗi, da tazarar 8dp tsakaninsa da na kusa da shi. Na biyu adadi. 5000 da 50000 kusan kama ɗaya suke wa mai gaggawa. A sa waƙafi tun ana cikin bugawa, a kuma rubuta shi da kalmomi a ƙasa: naira dubu hamsin. Sunan mai asusun ya fito da manyan haruffa kafin a nemi lambar sirri.

Na ukun shi ya fi ci mini rai: da'irar nan da ke juyawa ba tare da ko kalma ɗaya ba. Mutum bai san ko kuɗi sun fita ba, sai ya sake dannawa, a cire sau biyu, rigima ta tashi tsakanin mai shago da maƙwabcinsa. A kashe maɓallin bayan dannawar farko, a rubuta ƙarara: an tura, ko bai tafi ba, ko ana jiran banki kada ka sake.

Injiniya Nura, Wudil:
Hajiya ta gama magana. Ƙarin da zan yi kan nauyi ne. Wayoyin da suka fi yawa a hannun jama'a ƙananan Itel da Tecno ne, wasu masu Android Go, wato Android na ƙananan wayoyi, da RAM, wato ƙwaƙwalwar aiki, giga 1 ko 2. Hoton ado mai mega 2, idan layi na ba da kilobit 100 a daƙiƙa, zai ci daƙiƙa 160 kafin ya buɗe. A matse shi zuwa WebP, wato tsarin hoto marar nauyi, ƙasa da kilobait 100, ya buɗe cikin daƙiƙa 8. Kuma fom ya riƙa adana abin da aka cike a cikin wayar, ya tura idan sabis ya dawo, kamar yadda manhajar tattara bayanai ta KoboCollect ke yi.

Malama Zainab, Dawakin Tofa:
A duba salon haruffa kafin a ɗauke shi don kyau. Da yawa ba su da ƙ, ɗ, ɓ da ƴ, sai waya ta ciro harafin daga wani salon ya fito a karkace, ko ta nuna akwati. Masu gudun haka sai su cire lanƙwasar, "ƙafa" ta koma "kafa". Noto Sans yana da su duka. Girman rubutu a sa shi da sp, wato ma'aunin Android da ke bin zaɓin mai waya, domin dattijon da ya ƙara girman haruffa a wayarsa manhajar ta bi shi.

Sai alamomi. Layuka ukun nan na kusurwa masu buɗe jerin zaɓi, da hoton tsohon faifan kwamfuta da ke nufin a adana, ba abin da suke faɗa wa wanda bai taɓa zama gaban kwamfuta ba. Kowace alama a sa mata kalma a ƙasa, a kuma bar wa Hausa wuri, don sau da yawa ta fi Turanci tsawo. Ga wanda karatunsa na ajami ne, maɓallin saurare ya fi komai amfani.

Kabiru, Haɗejiya:
Yayyena, kada dai mu yar da kyau gaba ɗaya. Manhajar da ta fito a hargitse, launi biyar, rubutu na hawa kan juna, mutane na ɗaukarta ta 'yan damfara, ba za su sa BVN ɗinsu a ciki ba. Tazara iri ɗaya, launi guda ga babban maɓalli, aiki ɗaya a kowane shafi, wannan ma ai kyau ne.

Malam Auwalu, Ringim:
Haka ne Kabiru, irin wannan kyan babu mai faɗa da shi. Hanyar rabe shi da ado marar amfani ita ce gwaji. Masanin gwajin manhaja Jakob Nielsen ya rubuta a 2000 cewa mutum biyar sun isa su tono mafi yawan matsalolin fuskar manhaja. A sami biyar, har da mace da dattijo, a waje cikin rana, a kan wayarsu ba ta mai tsarawa ba. A ba su aiki ɗaya, misali shigar da buhun gero uku, a kama baki, a rubuta inda yatsa ya tsaya. Malama Zainab, a Dawanau da wane ma'auni ya kamata fom ya fara, buhu, tiya ko kilo?

Malama Zainab, Dawakin Tofa:
Buhu a sama, Malam, sai tiya. Kilo ya zo ƙarshe, kuma a bar gurbin rubuta tiya nawa ne a buhun, tunda ba ko'ina yake ɗaya ba.