Tumfure ko Kwadon? Masu iyali ku ba mu shawara

Maman Hanifa: Assalamu alaikum 'yan zaure. Mai gidan da muke haya a Jekadafari, cikin garin Gombe, zai saka ɗansa da zai yi aure, ya ba mu zuwa bayan babbar sallah. Yaranmu huɗu, Abbansu yana aiki a asibitin koyarwa na tarayya, ni kuma ina koyarwa a cikin gari. Hankalinmu ya karkata ga bayan gari, Tumfure ko hanyar Kwadon. Waɗanda suka zauna can, don Allah me za ku ce?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. A Tumfure nake. Kafin ki tambayi dillali kuɗin haya, ki tambaye shi ruwa. Ƙasar nan tudu ce, ruwa yana da zurfi sosai, haƙa burtsatse ba aikin kowa ba ne. Ruwan famfon Gombe daga Dadin Kowa yake tasowa, can gabas, mu kuma muna yamma a kan hanyar Bauchi, don haka akwai layin da ya samu, akwai wanda bai samu ba. Dillali zai nuna miki kan famfo a banɗaki ya ce "ga shi nan". Ki murɗa da hannunki. In kin ga babban tankin roba zaune a ƙasa kusa da ƙofar gida, ga jarkoki a jere a zaure, to mutanen gidan ruwan tanka suke saye, ke ma shi za ki saya. Da yara huɗu da wankin kayan makaranta, ba ƙaramin abu ba ne.

Anti Larai: Gaskiya Malam ya faɗa. Amma ni ba zan koma cikin gari ba ko da kyauta. Yara suna da filin wasa, iska na shigowa, da daddare sai ka nemi mayafi a lokacin da mutanen Bolari ke fifita. Kasuwa na nan kusa, kayan miya ba sai an shiga babbar kasuwa ba.

Baban Sadiq: Maman Hanifa, ki zo Kwadon ki huta. Tumatir, albasa, attarugu, daga lambu ake kawo su, da sauƙi. Haya ma ta fi sauƙi.

Hajiya Umma: Baban Sadiq, kai da shagonka ke Kwadon ai dole ka yaba. 'Yata, ki duba inda mijinki yake aiki. Asibitin yana hanyar Ashaka, Kwadon kuma tana hanyar Biu, sai ya ratsa garin gaba ɗaya kullum. Ma'aikacin asibiti ne, akwai kwanan aiki, akwai kiran tsakar dare. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, abin da mutum ya rage a haya Keke Napep da acaba suke cinyewa. Ku zauna da biro da takarda: shi zuwa da dawowa, ke zuwa da dawowa, yara in makarantarsu na cikin gari, a ninka da kwanakin wata. Sannan a ɗora a kan hayar. Na san waɗanda suka fita da murna, shekara na zagayowa suka tattaro suka dawo Pantami saboda wannan lissafin.

Baban Sadiq: Hajiya kin kashe min kasuwa.

Anti Larai: Maganin wannan shi ne a sauya wa yara makaranta. Boko da Islamiyya duk akwai a unguwa, nawa da ƙafa suke zuwa. Sai dai ki zaɓi gida a ɓangaren titin da makarantar take. Hanyar Bauchi babbar hanya ce, tireloli da motocin da ke zuwa filin jirgi na Lawanti ba sa rage gudu don yaro ɗan aji biyu.

Maman Hanifa: Allah ya saka. Abbansu yana cewa in mun ji daɗin wajen ko fili za mu nema nan gaba.

Injiniya Musa: To a nan zan sa baki. Kada ku sayi fili da rani. Ku je a watan Agusta bayan an tafka ruwa, ku ga inda yake bi. Ƙasar Gombe rairayi ce, zaizaya ba ta da wuya, ɗan ramin da yaro zai tsallake bana, baɗi ya zama kwari ya fara cin katanga. Ko haya ce ki zaga bayan gidan, ki duba ko gindin katangar ya fito fili. Sannan duk takardar da mai fili ya nuna muku, ku kai GOGIS, hukumar kula da bayanan filaye ta jihar Gombe, a duba kafin ku ba da ko sisi. Sa hannun mai unguwa da shaidu yana da kyau, amma bai hana a sayar wa mutum biyu fili ɗaya ba. Af, ku sani kuma Tumfure a ƙaramar hukumar Akko take, hedikwatarta Kumo, Kwadon kuma Yamaltu Deba. Mutane da yawa sai lokacin zaɓe suke tunawa.

Hajiya Umma: Abu ɗaya ya rage. Kada kyan gida ya ja ki zuwa layin da duk kangaye ne, ke kaɗai a tsakiya. Mijinki zai kwana a wajen aiki. Ki nemi inda akwai maƙwabta masu iyali, da masallacin da ake cika sahu da asuba, ki kuma tambaya ko suna da 'yan sintiri da nawa ake tarawa a wata.

Malam Bello: Akwai gida ciki biyu da falo a layinmu da za a tashi ƙarshen wata, maƙwabcin yana da burtsatse kuma yana bari a ɗiba da safe. Ki ce Abban Hanifa ya neme ni ranar Asabar in kai shi ya gani.

Anti Larai: Ya zo da ke, Maman Hanifa. Maza ba sa duba kicin.