Hasken dare a haikalin Kiyomizu: shawarwarin waɗanda suka je

Da waɗanda suka taɓa zuwa suka tattauna batun ziyarar haikalin Kiyomizu na mabiya addinin Buda da ke birnin Kiyoto a Japan, kusan kowa ya ce a je da daddare, lokacin da ake kunna fitilu. Sau uku kawai ake yin hakan a shekara: lokacin furen ceri a ƙarshen Maris, kwana uku a tsakiyar Agusta, sai ƙarshen Nuwamba da ganyaye ke yin jajawur. Na Nuwamba ya fi samun masoya, kuma a ganina sun yi gaskiya.

An kafa haikalin a shekarar 778, ginin da ke tsaye yanzu kuwa na 1633 ne. Dandamalin katakonsa, mai tsayin kusan mita 13, ko ƙusa ɗaya ba a buga masa ba. Amma sun ce kada ka ɓata lokacinka duka a kansa. Wuce gaba zuwa ɗakin Okunoin, daga can za ka hango dandamalin yana ƙyalli bisa jajayen ganyaye, ga wani shuɗin haske ya miƙe sama, wanda masu wurin ke ɗauka alamar jinƙan Kannon, abin bautar da ake girmamawa a haikalin.

Cunkoso ne babbar matsalar. Wasu sun ce a isa kafin magariba, wasu suka ce a bari sai wajen ƙarfe 8. Bas takan cika maƙil, gara jirgin ƙasan Keihan zuwa tashar Kiyomizu-Gojo, sai a hau tudu da ƙafa. Wurin ibada ne, a rage surutu. A sa takalmin da ba ya matsi, a kuma riƙe rigar sanyi in watan Nuwamba ne.