Muhawara: a cire makullin baipas daga masana'antu gaba ɗaya?

Tsohon jami'in kiyaye haɗari: Ra'ayina bai canja ba. Duk na'urar da aka sa domin ta kashe injin idan haɗari ya taso, bai kamata a bar wa kowa hanyar tsallake ta ba, wato baipas, da makulli ko ta kwamfuta. A dandalin haƙar mai na Piper Alpha da ke cikin teku kusa da Birtaniya, a 1988, an mayar da famfunan kashe gobara sai an tayar da su da hannu, saboda masu nutso da ke aiki a ruwa. Da wuta ta tashi babu wanda ya iya isa wurinsu. Mutum 167 suka rasu.

Mai gyaran na'urori: Ranka ya daɗe, to ta yaya zan gwada sensa, wato na'urar da ke gano alamar haɗarin, injin yana aiki? In ba a gwada ta lokaci-lokaci ba, za ta mutu a wurin ba mu sani ba sai ranar da ake buƙatarta. Ga kuma tayar da famfo: na'urar da ke kashe shi idan mai ya daina gudu a bututu za ta hana shi tashi, tunda kafin ya tashi babu abin da ke gudu. Ka cire makullin yau, gobe wani ya haɗa waya a bayan allon na'urori ya tsallake ta a ɓoye. Baipas na makulli yana kunna fitila a ɗakin kula da injuna, ana kuma rubuta shi. Wayar nan babu wanda zai gan ta.

Tsohon jami'in kiyaye haɗari: Sai a kori mai haɗa wayar.

Shugaban masu aikin dare: Bayan an gano shi, Malam, kuma galibi bincike bayan haɗari ne ke gano shi. Abin da ke hana ni barci daban ne: baipas da aka sa "na awa biyu" ya kwana, ya yi mako, har masu karɓar aiki su saba da fitilar. A Piper Alpha ɗin ma daga nan abin ya fara. An cire bawul ɗin rage matsi na wani famfo don gyara, labarin bai isa ga masu aikin dare yadda ya kamata ba, suka tayar da famfon.

Injiniya: Ƙa'idar IEC 61511, wadda ita ce ta ƙasa da ƙasa kan na'urorin kariya a masana'antu, ba ta hana baipas ba, sharaɗi ta gindaya: a rubuta hanyar yin sa, a tanadi abin da zai tsaya a madadin na'urar, a kuma ƙayyade lokaci. Madadin nan ne ake wasa da shi. Idan ka rufe ƙararrawar cikar tanki, ko dai a daina zuba mai a ciki, ko a tsayar da mutum yana duban ma'auni, yana da ikon rufe bawul ba sai ya nemi izini ba. Rubuta "a lura sosai" a takarda ba madadi ba ne. Inda sensa uku suke, biyu ke yanke hukunci, ana iya cire ɗaya a bar biyu suna gadi. Ni zan ƙara da cewa baipas ya riƙa cire kansa idan lokacinsa ya cika.

Mai gyaran na'urori: Nan kam ban yarda ba, Injiniya. Ina tsakiyar aiki, sensa a hannuna, lokaci ya cika, na'ura ta dawo ta ga babu sigina, ta kashe masana'anta baki ɗaya. Kashewar ba-zata da sake tayarwa su ma haɗari ne babba. Ƙararrawa ta yi kuka, manaja ya zo ya sa hannu a ƙara lokaci.

Shugaban masu aikin dare: Manajan da ake tambaya kullum tan nawa aka fitar? Shi zai ƙi sa hannu?

Tsohon jami'in kiyaye haɗari: Ka faɗi abin da nake tsoro. Na sassauta a kan gwaji da tayar da injin. Amma ƙarin lokaci na biyu kada ya fito daga hannun wanda ake auna aikinsa da yawan kaya. In sensa ta lalace kuma babu wata a sito, a tsayar da sashen har ta iso.

Injiniya: Ko da za ta yi wata guda a hanya?

Tsohon jami'in kiyaye haɗari: Ko da wata uku ne.