Huda allon faiba: ramin ya yi kyau ta gaba, bayansa ya ɓamɓare

Mai haɗa tankunan ruwa, Kaduna:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Sana'ata haɗa tankunan ruwa na faiba, wato zaren gilashi da aka haɗe da gam, irin waɗanda ake kawowa allo-allo a ɗaure su da bol da noti. A watan jiya ramukan wani allo ba su zo daidai da na maƙwabcinsa ba, sai na sa yarona ya huda sababbi guda 6 da bakin da muke huda ƙarfe da shi. Ta gaba ramukan sun fita sumul, amma da na juya allon sai na tarar kewayen kowanne ya yi fari, zaren gilashi ya tashi kamar gemun masara. Kwana kaɗan da cika tankin, ta nan ruwa ya fara tsattsafowa. Ina roƙon wanda ya taɓa cin karo da wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Malamin injiniya, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Farin nan alama ce cewa fallayen allon sun rabu. Faiba falle ne bisa falle na zare, gam ɗin rezin kaɗai ke riƙe da tsakaninsu, don haka idan baki ya kusa ɓullowa, fallayen da suka rage a ƙarƙashinsa ba su da kaurin da za su jure danni, sai ya ture su maimakon ya yanka su. Tun 1990 masu bincike biyu, Hocheng da Dharan, suka fitar da lissafin iyakar dannin da allo zai ɗauka kafin ya rabu, kuma iyakar tana raguwa ne yayin da ragowar kaurin ke raguwa.

Abin da nake nuna wa ɗalibaina a injin gwaji shi ne, ko ramin ya fita lafiya lau, ƙarfin allon ya riga ya ragu. A gefen rami nauyin ja yakan ninka sau 3 a faffaɗan allon ƙarfe, sai dai ƙarfe yana ɗan miƙewa ya rarraba nauyin, ita kuwa faiba ba ta da wannan sassauci, zaren da aka yanke ya yanku ke nan. Idan kuma matsa allon ake yi ba ja ba, rabuwar ta fi yin illa, domin fallayen da suka saki juna kowanne lanƙwashewa yake yi shi kaɗai.

Mai gyaran kwalekwale, Yawuri:
Injiniya ya yi gaskiya. Ni sai da na ɓata bayan kwalekwale guda wajen ɗaura inji kafin na koyi darasi. Yanzu ina matse guntun katako a bayan wurin, in fara da ƙaramin baki, in sassauta hannu idan na ji ya kusa fita. In na gama nakan ƙwanƙwasa kewayen ramin da kwabo: wuri mai lafiya yana amsawa rau, wanda ya rabu kuwa amonsa a mace yake. Sannan in shafe cikin ramin da rezin, don ruwa na bin zare ya shige.

Ma'aikacin gyaran jiragen sama:
Malam mai kwalekwale, Allah ya ƙara basira, amma a kula kada sassautawar ta wuce kima. Zaren kabon da muke aiki da shi, wato wani nau'in faiba mai baƙin zare, wanda ire-irensa suka kai kusan rabin nauyin jikin jirgin sama samfurin Boeing 787, yana dakusar da bakin ƙarfe cikin 'yan ramuka, shi ya sa ake amfani da bakin kabaid, wanda ya fi ƙarfe tauri, ko mai lu'ulu'u. Lokacin da nake koyo na taɓa barin dakusasshen baki yana ta gugar wuri guda don tsoron dannawa. Sai da na ji ƙauri, rezin ɗin ya yi laushi ya ƙone, domin allon ba ya saurin watsar da zafi. Aka soke aikin gaba ɗaya. A kuma rufe hanci, ƙurar ba ta da kyau ga huhu.

Mai haɗa tankunan ruwa, Kaduna:
Na gode ƙwarai. Na koma na auna, ashe biyu daga cikin ramukan ma sun matsa kusa da gefen allon fiye da na kamfani. Na canja allon, na huda da katako a baya, na sa faffaɗan wosha, kuma yau kwana 9 babu ɗigo. Injiniya, nisan ninki 3 na faɗin rami daga gefe da nake ji ana faɗa, ya wadatar ga allon da ke ƙasan tanki?